Irin Furen Baba da Ke Cikin Akwatinki

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, Ya buɗa miki karatun da kika je nema, Ya haɗa ki da mutanen kirki a duk inda kika sa ƙafa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka makwancinsa, mu kuma Ya ƙara mana haƙurin rashinsa. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Yaya Babba ya warke daga ciwon bayan da ya kwantar da shi har ya koma aiki, ko da yake matarsa ta ce da an ambaci ɗaukar bokitin ruwa sai ciwon ya tuna da shi. Kawu ya cire haƙorin nan da ya shekara yana yi mana mita a kansa. Ni ina nan ina fama da 'yan ajina, bana su hamsin da biyu ne. Tun bayan rasuwar Baba ni da maigidana muka dawo ɗakin baya, don kada Inna ta riƙa kwana ita kaɗai a gidan.

Sau uku na ɗauki waya zan kira ki ina ajiyewa. Maganar tana da tsawo, akwai abin kunya a cikinta, akwai kuma aikin da zan ba ki wanda nake so ya zama a rubuce ki riƙa dubawa. Bari in faɗa miki kai tsaye: irin furen Baba ya ƙare a hannuna, kuma saboda haka yau wata biyu ke nan Inna ba ta fita tsakar gida da ƙafarta ita kaɗai ba. Idan akwai sauran irin a duniya, to yana wurinki, kuma ina jin ke kanki ba ki sani ba.

Kin san furen da nake nufi, wanda muke ce wa 'yar rawaya. Kowace shekara Baba yakan jera shi daga ƙofar ɗakin Inna, ya bi gefen hanyar siminti, ya wuce famfo, ya ƙare a bencin da ke gindin bishiyar lemo. A littafi sunansa koriyofsis, amma Baba bai taɓa yarda ya faɗa ba, ya ce sunan ya fi dacewa da cuta. Mu duka mun ɗauka sha'awa ce kawai ta tela mai son launi. Kin tuna yadda muke tsokanarsa, wai mutum ga fili ga ruwa, bai shuka ko tumatir ba sai abin da ba a ci. Yakan yi murmushi ya ci gaba da tsugunonsa.

Bana ma ya shuka da hannunsa farkon damina, furen ya buɗe ya yi kyau, sannan ciwon ya zo. Kwana tara, kamar yadda kika sani. Bayan mutane sun watse na leƙa lambun na ga ciyawa ta fara shiga, sai na ce a raina ai ni ce mai karatun kimiyya a gidan nan, ba za a ce furen Baba ya lalace ina raye ba. Na ɗauko littafin kula da furanni daga ɗakin karatun makarantarmu na karance shi tsaf. Littafin ya ce wannan fure yana son a riƙa yanke kan da ya yi yaushi, domin in aka bar shi ya yi ƙwaya, tsiron zai ga ya gama aikinsa ya daina fitar da sabon fure. Wannan gaskiya ne, har yau ban ƙaryata littafin ba. Da na shiga cikin jerin da almakashi sai na tarar da kawuna ashirin da wani abu sun bushe a kan karansu, kowanne an ɗaure masa jan zare a wuya, ɗauri irin na Baba, ƙulli biyu da ɗan jela.

Auta, shekara goma sha tara ina riƙe da jan biro. A idona duk abin da aka yi wa ja, abin gyara ne ko na cirewa. Ban tsaya tambayar kowa ba. Na ce Allah sarki, Baba ya yi wa waɗannan alama zai yanke, ciwo ya hana shi, bari in ƙarasa masa aikinsa. Ina yanka ina hawaye, ina jin kamar wata biyayya nake yi masa. Na tara su a bokiti na juye a kwandon shara, washegari motar shara ta kwashe. Daga ranar kuma kullum na dawo daga makaranta sai na bi jerin, ban bar kai ko ɗaya ya bushe ba. Ban tsaya nan ba. Na ga ƙasar wurin duk yashi ce da tsakuwa, tausayin furen ya kama ni, na sa aka kawo buhu biyu na kashin kaji na shimfiɗa mai kauri, ina ba da ruwa safe da yamma ko da an yi ruwan sama. Littafin ya yi gargaɗi a kan wannan, amma na ɗauka yana maganar ƙasar kirki ce, ba irin tamu ba. Ganye ya yi kore shar, kara ya yi tsawo ya yi laushi, fure ya ragu. Rana ɗaya aka yi ruwa da iska, jerin ya kwanta gaba ɗaya cikin laka. Na tayar na ɗaure da sanduna, amma saiwar ta riga ta ruɓe. Cikin mako biyu komai ya yi baƙi.

Ana cikin haka wata ranar Asabar da hantsi Inna ta kira ni, ta ce in miƙo mata babban faranti in tsinko mata masu zaren, lokacin murza ya yi. Na tambaye ta waɗanne masu zare. Ta ce na iri mana, waɗanda Baba ya ɗaure. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na ji bakina yana ce mata ba su gama bushewa ba tukuna. Ni da nake tsayawa gaban yara kullum ina ce musu wanda ya yi kuskure ya ɗaga hannu ya faɗa, na kwana goma ina yi wa mahaifiyata ƙarya. A kwanakin nan na buɗe gwangwanin da Baba ke ajiye iri a aljihun keken ɗinkinsa, ban samu komai ba sai ƙaiƙayi, domin shi duka yake shukawa ya sake cikawa ƙarshen damina. Na kankare takin, na ɗebo tsohuwar ƙasar wurin a faranti uku na riƙa yayyafa mata ruwa, ko waɗanda suka zube bara za su fito. Har yau ciyawa ce kawai ta fito, kuma na tuna da hannuna na tuge ƙananan tsirrai masu yawa a gefen hanya ina ce musu ciyawa.

A cikin kwanakin ne Inna ta fito za ta famfo ba kowa a gida, da raunin idon nan nata ta kauce hanya, ta yi karo da bakin kwatami ta fasa ƙauri. Ba karaya, mun gode Allah, amma tun ranar in ba ni ko maigidana a gida, ba ta wuce bakin ƙofarta. Mu kuma tun safe muke fita sai la'asar. Ƙafafunta sun fara kumbura saboda zama, likita ya ce dole ta riƙa takawa tana shan rana, in ba haka ba abin zai taɓa zuciyarta. Ranar da muka dawo daga asibitin na durƙusa gabanta na faɗa mata komai.

 Da na gama sai ta tambaye ni da wane almakashi na yi yankan. Na ce da babban na Baba. Ta ce to da yana raye, maganar iri ma sai ta biyo baya, domin shekara arba'in bai bari an yanka ko takarda da almakashin yadinsa ba, ga shi malamar kimiyya ta shiga lambu da shi. Muka yi dariya, dariyar ta koma kuka. Daga nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba, kuma na san ke ma ba ki ji ba.

Ta ce shekara goma sha huɗu da suka wuce, ranar da likita ya gaya musu ciwon idonta a jijiya yake, ba na aiki ba ne, kuma ganin zai riƙa ja da baya, Baba bai koma shago ba. Ya zaunar da ita a bakin gado, ya kwaso ragowar yadudduka, ya tsaya a ƙarshen tsakar gida yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana faɗa masa wanda take gani. Shuɗi ya ɓace mata, kore ya ɓace, ja ya koma baƙi. Rawaya kaɗai ta rage, musamman in yana kaɗa ta cikin rana. Daga nan ya shiga neman fure mai wannan launi, wanda tsayinsa zai kai hannun mai tafiya, mai siririn kara da iska kaɗan za ta motsa. Da ya samu, sai ya tarar wasu furannin jan da ke tsakiyarsu ya yi faɗi har ya cinye rawayar. Shi ya sa kowace shekara in fure ya buɗe, yakan tsayar da ita a ƙofar ɗaki da hantsi bayan mun fita, ta nuna masa waɗanda suka fi haska mata, shi kuma ya bi ya ɗaura musu zare. Ja ya zaɓa don shi ne ba ya ɓace masa cikin ganye. Waɗannan kaɗai yake bari su yi ƙwaya, ita kuma ta murje su da yatsunta. Shekara goma sha huɗu idonta na zaɓa hannunsa na ɗaurewa, har furen ya koma dogo, rawaya zalla, sai ɗan ɗigon ja a tsakiya. Ta ce in ta fito da safe ba hanya take gani ba, wani haske take gani yana rawa a gefen damanta, ta bi shi tana shafa shi da bayan hannu har benci. Na tambaye ta me ya sa ba su taɓa gaya mana ba. Ta ce ba ta so 'ya'yanta su san yadda duhun ya kai, shi kuma ya rufa mata asiri.

Kada ki ce ban gwada wata dabara ba. Na je wurin mai sayar da furanni a bakin titi na samo koriyofsis a tukunya, na ajiye taku uku daga inda take zaune. Gajere ne, iyakarsa ƙauri, rabinsa ja. Ta ce tana ganin wani abu kamar tsumman da ya ƙone. Na shafa wa bulo fenti rawaya na jera, ta ce abin da ke kwance a ƙasa ba ya motsi, idonta ba ya kama shi. Maigidana ya ja igiya daga ƙofa zuwa bishiya, ta shafa ta ji, ta ce a kwance ta, ita ba akuya ba ce.

Sai a ƙarshen maganar ta gaya mini abin da ya sa nake rubuto miki. Kin tuna lokacin tafiyarki shafin cikin babban akwatinki ya yage, Baba ya karɓa ya gyara. Ta ce ita da kanta ta cika wata 'yar jakar yadi da irin shekarar, kamar girman kwalin ashana, shi kuma ya ɗinke ta a cikin shafin murfin, kusurwar ƙasa ta hagu. Wai ya ce in ya ba ki a hannu, da gaggawar nan taki a kan tebur za ki bar shi. Niyyarsa in kin samu ɗaki mai taga da rana ke shiga sai ya gaya miki. Ya yi ta jira ki bar ɗakin kwanan ɗalibai, Allah bai nufa ba, sai bayan rasuwarsa kika koma haya.

Yanzu ki saurare ni da kyau, ƙanwata, kamar lokacin da nake koya miki lissafi a kan tabarma. Ki rufe taga, ki kashe fanka, ki ɗora akwatin a kan gado. Ki shafa kusurwar, za ki ji ɗinkin hannu ya bambanta da na keke. Ki warware shi da allura, kada ki sa reza. Ki zazzage jakar a kan farin faranti, domin ƙwayoyin ƙanana ne, baƙaƙe, masu kama da 'ya'yan kaska, numfashi mai ƙarfi ma yana watsa su. Shekara biyu ba ta kashe wannan iri in bai sha danshi ba, amma sai mun gwada. Ki ɗauki ƙwaya goma ki jera a kan jiƙaƙƙen ƙyalle cikin ƙaramin faranti, ki ajiye inda haske yake ba rana tsaka ba, kada ki bari ƙyallen ya bushe. Daga mako ɗaya zuwa uku za ki ga farin tsiro. Ko uku suka fito cikin goma, mun tsira. Sauran ki kasa uku. Kashi ɗaya ki naɗe a takarda ki ba mijin Goggo da ke garinku in zai zo nan ƙarshen wata, ki ce masa ya sa a aljihun gaba, ba cikin kaya ba. Kashi ɗaya ki ajiye a ambulan a wuri busasshe. Na ukun ki shuka da kanki. Ba za a sake tara irin nan duka a hannu ɗaya ba, balle nawa.

Shukar ba ta da wuya, wahalarta ɗaya ce: mutum ya iya kame hannunsa. Ki samu tukunya ko bokiti mai zurfin tafin hannu biyu, ki huda gindinsa. Ki haɗa ƙasa da yashi rabi da rabi, kada ki sa taki ko kaɗan. Wannan fure a ƙasa maras daɗi yake yin kyau, in ya ƙoshi sai ya yi ganye ya manta da fure. Ki barbaɗa ƙwayoyin a sama ki danna da tafin hannu, kada ki rufe su, domin sai sun ga haske suke tsirowa. Ki yayyafa ruwa da yatsu har su fito. Ki ajiye tukunyar inda za ta sha rana aƙalla awa shida, ko da za ki roƙi mai gidan hayarku ya ba ki gefen matakala. In sun yi ganye huɗu ki rage su, ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsu. Na san za ki ji tausayin waɗanda za ki cire, ki dasa su a wani bokitin. Daga nan kada ki ba da ruwa sai kin tura yatsa cikin ƙasar kin ji gaɓar farko a bushe. In tsiron ya kai tsawon tafin hannu ki tsinke kansa da farce, zai yi rassa. Da ya kai gwiwa ki kafa masa siririn sanda.

Cikin wata biyu zuwa uku zai yi fure. Inna ba ta kusa da ke balle ta zaɓa, don haka ki ari idonta. Da hantsi ki ja da baya taku goma, ki runtse ido har komai ya dushe ya haɗe. Furen da ya ci gaba da haskawa bayan sauran sun ɓace, shi ne na iri. Ki yi masa alama, ki gaya wa abokiyar ɗakinki ma'anar alamar, ki rubuta a takarda ki manna a jikin tukunyar. Sauran kawunan ki riƙa yankewa in sun yi yaushi, za su ba ki fure har ƙarshen lokacinsu. Masu alamar kuwa ki bar su su yi muni. Za su yi ruwan ƙasa, su ƙanƙance, ki ji kamar ki kawar da su don kunyar baƙi. Ki bar su sai kin murza ɗaya kin ji ya ruguje a yatsunki, sannan ki tsinke, ki shanya a inuwa kwana bakwai, ki ajiye a takarda. Kada ki sa a leda, yana gumi ya yi funfuna.

Mu nan mun fara shiri. Na kwashe takin gaba ɗaya na kai gindin lemo, maigidana ya kawo yashi baro huɗu. Jiya da yamma na fito da Inna ta tsuguna ta damƙi ƙasar ta murza, ta ce har yanzu da sauran maiƙo, a ƙara yashi. Rabon da in ji muryarta da ƙarfi haka tun Baba na da rai. Wannan ne ke ba ni tsoro, Auta, domin ta riga ta sa rai, ni kuma ban san ko akwatin na hannunki ba. Na san halinki na kyauta, na san ɗalibai da aron akwati. Idan kin bayar, ki bi sawunsa. Idan ruwa ya taɓa shi, ko kin buɗe kin tarar da gari, ki gaya mini gaskiya a ranar, ni zan san yadda zan faɗa mata.

Ki gaishe mini da Goggo da mijinta da yaransu, ki ce mata maganin ƙafar da ta aiko ya iso. Ki gaida abokiyar ɗakinki da malamar nan taku da kika ce tana kula da ke. Yaya Babba da matarsa suna gaishe ki, Kawu na gaishe ki, maigidana ya ce ki dage da karatu. Kafin in rufe takardar na karanta wa Inna ita daga farko har nan. Ta ce na cika surutu kamar ina gaban allo, sannan ta sa ni in ƙara miki wannan da bakinta: tana sa miki albarka, kuma in kin duba ba ki samu komai ba, kada ki zauna kina kuka a kan akwati. Ki gama jarrabawarki ki taho gida, ki riƙe mata hannu ki kai ta gindin lemo, shekara biyu ke nan ba ta ji tafin hannunki ba.

Allah Ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Yayarki